Kafin a ɗora wa mai waya laifi, a duba ƙofar da ke cikin na'urar

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina neman ɗan fili domin in yi tsokaci a kan shawarar da ake yawan ba masu karatu a shafin kimiyya da fasaha, cewa su guji sauke manhajar da ba su san asalinta ba. Shawara ce mai kyau, ni ma ita nake ba 'yan uwana a Agege duk lokacin da suka kawo mini waya tana ciwo. Sai dai idan aka tsaya a nan an ɗora wa mai waya nauyin da ba nasa ba ne shi kaɗai, domin an gina na'urorin nan ne a kan alkawarin cewa ko muguwar manhaja ta shigo, akwai iyakar da ba za ta tsallake ba. Sana'ata ita ce rubuta manhajar ƙananan na'urori a wani ɗan kamfani da ke Ikeja, ba nisa da Computer Village, kuma na ga da idona yadda mu masu rubutun muke rusa iyakar nan ba tare da mun sani ba.

Kowace waya ko kwamfuta ko injin POS na zamani yana da wata manhaja guda da ke sama da sauran, wadda ake kira kanel. Shi kanel ɗin nan shi ne ke raba ma'adanar na'ura, wato memori, tsakanin manhajoji, shi ke magana da kyamara da allo da na'urar buga rasit, kuma shi kaɗai furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar da ke gudanar da umarni, ya yarje wa ya taɓa ko'ina. Android a kan kanel ɗin Linux yake zaune, wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991. Manhajar banki ko ta hira ba ta da ikon buɗe fayil ko aika saƙo da kanta, sai ta roƙi kanel, ta ce masa ga abin da nake so, ga kuma adireshin da za ka ɗauko bayanina ko ka ajiye mini amsa. Adireshin nan lamba ce kawai, kuma manhajar ce ta zaɓe ta da hannunta.

Kakana yana daga cikin masu saukar da fataken goro a Agege, kuma duk makullan ɗakunan gidan a hannunsa suke. Idan baƙo ya ce a ɗauko masa kayan da ke ɗaki na bakwai, kafin kakana ya ba yaro makulli sai ya tabbata ɗaki na bakwai na baƙon ne. Da zai tura yaron haka kawai, alhali ɗakin na wani bafatake ne ko ma na ajiyar maigidan kansa, to baƙon ya yi sata da hannun maigida, ba a fasa ƙofa ba, ba a karya kwaɗo ba. Matsayin kanel ke nan a duk lokacin da manhaja ta miƙa masa adireshi, kuma hakan na faruwa ba adadi a cikin kowace daƙiƙa.

Saboda haka ne a Linux aka hana mai rubutu taɓa adireshin manhaja kai tsaye, aka tanadi ƙofofi na musamman: copy_from_user don ɗauko bayani, copy_to_user don mayarwa, da ƙananan 'yan uwansu get_user da put_user. A FreeBSD da macOS sunayensu copyin da copyout, a Windows kuma akwai ProbeForRead da ProbeForWrite. Ƙofar Linux tana fara duba ko adireshin yana cikin yankin manhajoji, ta hanyar wani bincike mai suna access_ok. A tsofaffin kwamfutoci masu bit 32 an saba ba manhaja gigabayit 3 na ƙasa, kanel ya riƙe 1 na sama, don haka binciken bai wuce kwatanta lamba biyu ba. Bayan haka akwai abin da ya fi wannan dabara. Adireshi yana iya kasancewa a cikin yankin manhaja amma babu komai a wurin, ko kuma an kwashe shafin, wato ɗan yankin ma'adanar da adireshin yake ciki, an ajiye shi a wani waje don a sami sarari. Idan an kwashe shi ne, kanel zai dakata ya dawo da shi sannan ya ci gaba, shi ya sa ba a kiran ƙofofin nan a wurin da kanel ba shi da izinin jira. Idan kuwa babu shi sam, furosesa zai ɗaga ƙara, sai kanel ya duba wani jadawali da aka rubuta tun lokacin haɗa shi, wanda ya lissafa umarnin da aka yarda su yi tuntuɓe da inda za a koma idan sun yi. Daga nan ƙofar ta faɗi yawan bayit ɗin da ba ta iya kwafewa ba, a mayar wa manhaja da kuskure mai lamba 14, wanda ake kira EFAULT, na'ura kuma ta ci gaba da aikinta kamar ba abin da ya faru. Wanda ya bi ta wata hanya ba ya cikin jadawalin, idan ya yi tuntuɓe da kanel ɗin zai faɗi.

A bara wani ƙanena a sana'a, yaro mai ƙwazo da ya zo mana daga makaranta, ya rubuta direban na'urar buga rasit, wato ɗan ɓangaren kanel da ke sarrafa injin bugawar. Manhaja za ta miƙo adireshin rubutun da tsawonsa, direban ya kwafe ya tura wa injin bugawa. Maimakon copy_from_user sai ya yi amfani da memcpy, abin kwafi na yau da kullum da ba ya tambayar kowa komai. Laifina ne da ban karanta aikin layi-layi ba, na dai ga rasit yana fita tsaf na sa hannu. Watanni na'urorin suna aiki a kan tsohon fanel, wato allon lantarkin da ke cikin na'urar, mai furosesa Cortex-A53, ba wanda ya kawo ƙara. Da aka kawo mana sabon fanel mai Cortex-A55, rasit na farko da muka gwada bugawa sai kanel ya tsaya cik, ya bar saƙo cewa an taɓa ma'adanar manhaja ba ta ƙofar da aka tanada ba. Yaron ya dube ni ya ce, "Oga, fanel ɗin ne jabu, ai aikin nan lafiya lau yake a kan tsohon." Da muka tuntuɓi wanda ya sayar mana da kayan, shawararsa ita ce mu shiga saitin kanel mu kashe kariyar da ke kawo tsayawar, magana ta ƙare.

Ban kashe ba. Da daddare, janareta na ta ruri a bayan shago, na ɗauko tsohon fanel na rubuta 'yar manhaja mai layi kaɗan, marar wani izini na musamman in ban da na buga rasit. A gurbin adireshin rubutu na sa mata adireshin wani wuri a cikin kanel, wanda na samo daga fayil ɗin da ke lissafa inda kowane abu yake zaune. Injin ya yi ƙararsa da muka saba ji, takarda ta fito da ɗuminta, a jikinta ga sunan kanel ɗin da lambarsa da ranar da aka haɗa shi, an ɗebo su daga wurin da bai kamata manhaja ta ko leƙa ba. Na miƙa masa takardar. Ya daɗe yana kallonta kafin ya tambaye ni ko haka za a iya buga duk abin da ke cikin ma'adanar kanel, na ce masa ƙwarai, muddin takarda ba ta ƙare ba.

Abin da ya bambanta fanel ɗin biyu shi ne wata kariya da kamfanin Arm ya shigar a tsarinsa na ARMv8.1, mai suna PAN. Idan tana kunne, furosesa da kansa yana hana kanel taɓa shafukan manhaja da umarnin karatu da rubutu na yau da kullum. Cortex-A53 a kan ARMv8.0 aka gina shi, don haka ba shi da ita, Cortex-A55 kuwa yana da ita. Ya kamata in faɗi gaskiya a nan, PAN ba za ta hana abin da na yi da takardar rasit ba, tunda adireshin da na bayar na kanel ne. Amfaninta a wurinmu shi ne ta tona asirin direban a ranar farko, ta hana shi yin aiki ko da manhajar kirki ce ta kira shi, har sai an gyara. Da mun bi shawarar kashe ta, da mun rufe bakin mai faɗa mana gaskiya mun bar ƙofar a buɗe.

Kowane gidan furosesa da yadda ya warware matsalar, kuma a nan ne wanda ya saba da inji ɗaya yake ruɗuwa. Intel ya fara da SMEP a furosesoshin Ivy Bridge na 2012, wadda ke hana kanel gudanar da umarnin da ke zaune a shafin manhaja. Kafin wannan, hanyar kutse da ta shahara ita ce mutum ya shirya umarninsa a yankinsa, sannan ya yaudari kanel ya yi tsalle zuwa can, kamar yadda aka gani a 2009 a wata ɓarakar Linux da Tavis Ormandy da Julien Tinnes suka gano. Daga baya aka ƙaro SMAP a zamanin Broadwell, wadda ke hana karatu da rubutu su ma. A wannan tsarin akwai umarni biyu, stac mai buɗe ƙofa da clac mai rufewa, kuma duk abin da ke tsakaninsu ana so ya zama gajere matuƙa, domin a wannan ɗan lokacin kariyar a kwance take. Tun kafin masu ƙera furosesa su farga, masu aikin PaX, wani shiri na ƙarfafa tsaron kanel ɗin Linux, sun riga sun samar da irin wannan kariya da dabarar manhaja zalla.

A ganina hanyar Arm ta fi tsafta ta wani ɓangare. Yana da umarni na musamman, LDTR da STTR, waɗanda idan kanel ya yi amfani da su, furosesa zai auna izinin kamar manhaja ce ke neman shiga. Ke nan ko da binciken farko ya kuskure, aka miƙo adireshin kanel, furosesan da kansa zai ƙi. Ga tsofaffin furosesoshi marasa PAN kuwa, Linux tun daga fitowa ta 4.10 yana iya kwaikwayonta. Arm mai bit 64 yana da rajista biyu, wato ƙananan ma'ajiyai a cikin furosesa, masu nuna taswirar ma'adana, TTBR0 ta manhaja da TTBR1 ta kanel, sai kanel ya riƙa musanya ta manhajar da taswira wofi duk lokacin da ya karɓi aiki, ya dawo da ita a bakin ƙofar kwafi kaɗai. Wannan yana cin ɗan lokaci, kuma sai wanda ya haɗa kanel ɗin ya kunna shi. A tsohon fanel ɗinmu ba a kunna ba.

Tsarin furosesa na RISC-V, wanda aka fara a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 2010, ya zo bayan an sha wuya, don haka ya shigo da makunni guda mai suna SUM: idan yana kashe kanel ba ya taɓa shafin manhaja, gudanar da umarni daga shafin manhaja kuwa an haramta masa shi baki ɗaya. PowerPC yana da nasa mai suna KUAP. Manyan injinan IBM na s390 sun fi kowa nisa, domin a can kanel da manhaja ba sa zaune a fili ɗaya, kowanne da duniyar adireshinsa. Lamba ɗaya tana nufin wuri daban a kowace duniya, kamar a ce gida mai lamba goma a Agege da gida mai lamba goma a Obalende, don haka memcpy irin na ƙanena ba zai ko kai ga bayanin manhajar ba. Amfanin ƙofofin Linux shi ne mai rubuta direba ba ya bukatar haddace duk wannan. Ya kira copy_from_user, a kan Intel ta zama stac da clac, a kan RISC-V ta kunna SUM ta kashe, a kan s390 ta zama umarnin ketare duniyoyi.

Kada a ɗauka yara masu koyo ne kaɗai ke faɗawa ramin. A 2013 an gano cewa get_user da put_user su kansu ba sa duba adireshi yadda ya kamata a wasu tsare-tsaren Arm mai bit 32, a kanel ɗin da suka gabaci 3.5.5, kuma an yi amfani da ɓarakar wajen ƙwace cikakken iko a wayoyin Android. A 2017, a Linux 4.13, an sake rubuta wani kira mai suna waitid, aka yi amfani da gajeriyar hanyar rubutu wadda ke bukatar mai kira ya yi access_ok da kansa, aka manta da shi. Layi ɗaya ne ya ɓace, amma Chris Salls ya nuna cewa da shi za a iya fita daga killacewar da burauzar Chrome ke yi wa shafuka. Abin da ya burge ni shi ne darasin da aka ɗauka: a farkon 2019 Torvalds ya sa binciken a cikin abin da ke buɗe ƙofar kansa, ta yadda ba za a iya buɗewa ba tare da an duba ba. Haka kuma tsohuwar dabarar set_fs, wadda ke ba kanel damar ɗaga iyakar na ɗan lokaci, kuma wadda idan aka manta ba a sauke ta ba manhaja ke samun hanyar ko'ina, an yi shekaru ana cire ta, Christoph Hellwig na kan gaba, har aka gama a fitowa ta 5.18 a 2022. Google da kansa, lokacin fitowar Android 8 a 2017, ya bayyana cewa rashin duba iyakar kwafi ko duba ta ba daidai ba shi ne sanadin kusan kashi 45 cikin ɗari na ɓarakar kanel ɗin Android tun daga 2014.

Akwai kuskuren da ya fi waɗannan wuyar gani, domin mai yin sa ta ƙofar halal ya bi. Kanel ya karanto tsawon saƙo daga manhaja, ya duba ya ga bai wuce kima ba, bayan ɗan lokaci ya sake karantowa daga wuri ɗaya don ya yi aiki da shi. Tsakanin karatun biyu, wani reshen manhajar da ke gudana a wani ɓangaren furosesa ya sauya lambar. Duk wanda ya taɓa sayen hatsi ya san abin da ake nufi da a nuna maka wani buhu a ɗaura maka wani. Mateusz Jurczyk da Gynvael Coldwind sun gano irin wannan da dama a kanel ɗin Windows a 2013, da wani kayan bincike da suka kira Bochspwn. Maganin shi ne a kwafo sau ɗaya, a duba kwafin, a yi aiki da kwafin. Ta ɓangaren mayarwa ma akwai tarko, domin idan kanel ya miƙa wa manhaja wani tsarin bayani ba tare da ya share gurabun da ke tsakanin sassansa ba, ragowar abin da ke wurin a da zai bi shi ya fita. Daga Janairun 2018 kuma, da aka bayyana ɓarakokin furosesa masu suna Spectre da Meltdown, aka fahimci cewa furosesa yana yin gaba da aiki bisa hasashe kafin sakamakon bincike ya fito, kuma ko ya janye yana barin sawu. Dole ta sa aka ƙara shinge bayan access_ok, ko a datse adireshin da lissafi ta yadda ko a hasashe ba zai kai yankin kanel ba.

Roƙona na farko ga malaman da ke koyar da ilimin kwamfuta a jami'o'i da kwalejojin fasaha ne. Ɗaliban da ke zuwa mana sun haddace ma'anar kanel, amma da yawansu ba su taɓa rubuta direba ko ɗaya ba, balle su ga ya faɗi. Wannan ba ya bukatar ɗakin gwaji mai tsada. Manhajar QEMU kyauta ce, tana kwaikwayon Intel da Arm da RISC-V da s390 a kan kwamfutar hannu guda, kuma sparse, kayan binciken da Torvalds ya fara a 2003, yana yin gargaɗi idan aka taɓa adireshin da aka yi wa alamar __user kai tsaye. A sa ɗalibi ya rubuta direba da memcpy da gangan, ya gudanar da shi a kan injuna uku, ya rubuta abin da ya gani a kowanne. Wanda ya yi wannan sau ɗaya da wuya ya sake kafa hujja da cewa aiki ya yi a kan injinsa.

Na biyu ga 'yan uwana masu shigo da wayoyi masu sauƙin kuɗi da injinan POS da masu haɗa su. Furosesoshin Cortex-A53 suna nan birjik a kasuwa, kuma ba laifi ba ne a saye su, tunda aljihun mutanenmu ke nan. Abin da nake so shi ne idan ana ciniki, bayan tambayar girman batir da ma'adana, a tambayi lambar kanel ɗin da ke ciki, a tambayi ko an kunna kwaikwayon PAN da kariyar kwafi mai suna HARDENED_USERCOPY da ta shigo Linux 4.8 a 2016, a kuma tambayi har zuwa yaushe za a ci gaba da aiko da gyara. Matar da ke cire kuɗi a rumfar POS a Mile 12 ba za ta taɓa yin wannan tambayar ba, ba kuma aikinta ba ne, wanda ya yi odar kwantena shi ke da bakin yin ta.

Direbanmu dai layi uku muka sauya a cikinsa: copy_from_user a gurbin memcpy, duba tsawon kafin kwafi, da mayar da EFAULT idan kwafin bai cika ba. Gyaran bai ɗauki minti goma ba. Bin na'urorin da suka riga suka fita don a sa musu shi ne ya ci mana makonni, ƙanen nawa yana hawa danfo daga Oshodi zuwa Alaba zuwa Ikorodu da kebul a jaka. Takardar rasit ɗin nan tana manne a jikin bangon da ke gaban teburinsa, zafin Legas ya fara cinye rubutun, kwanan baya na ga ya ɗauke ta a hoto da wayarsa.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jaridarmu albarka.

Naka,
Wani mai karatu,
Agege, Legas.